Almakashi a Cikin Katifa

Bari in amsa laifina tun kafin a tuhume ni. Duk lokacin da na ba da labarin nan a cikin mutane, nakan ce Sufeto ya gano gaskiya tun daga bakin ƙofa. Ƙarya nake yi, don kawai sa'ana ne kuma tumbinmu ɗaya. Ainihin abin da ya faru, yini guda cur ya yi yana tafiya a kan hanyar da aka share masa, har yana yabon yadda ba ta da gargada.

Ranar Litinin da safe aka kira caji ofis daga gidan gyaran hali, aka ce an sace almakashi. Shekara ashirin da shida Sufeto ya yi a aiki. Abokan shigarsa wasu suna binciken fashi da makami, wasu ana buɗe musu ƙofar mota, shi kuwa aka miƙa masa fayil aka ce ya je ya nemo almakashi. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, don shi mutum ne da ya daina jayayya da rabonsa tun da gashinsa ya fara zubewa.

Shugaban gidan bai bar shi ya raina aikin ba. Ya ce a waje almakashi abin yankan yadi ne, a nan kuwa wuƙa biyu ce aka haɗa da ƙusa. Akwai ɗakin koyon ɗinki a gidan, fursunoni arba'in ne ke zuwa. Ranar Juma'a da ƙarfe huɗu aka ƙirga kayan aiki, babban almakashi ya ce ɗauke ni inda kuka ajiye. Aka rufe kowa a ɗakinsa, aka birkice gidan. Sai ranar Asabar da hantsi aka same shi a cikin katifar wani fursuna da ake ce wa Bahago.

"To ai kun kama ɓarawo," in ji Sufeto. "Ni me ya rage mini?"

"Takarda. Sai da rahotonka za a kai shi kotu."

Shekara shida aka yanke wa Bahago saboda fasa shago. Ya yi huɗu ba a taɓa rubuta sunansa a littafin laifi ba, don haka aka yafe masa biyu. Saura kwana tara ya fita. Kwana ɗaya kafin nan za a yi taron yaye ɗalibai, a ba shi takardar shaidar ƙwarewa, kuma wani kamfanin ɗinkin kayan makaranta ya yi alkawarin ɗaukarsa aiki idan ya kai takardar. Idan Sufeto ya rubuta cewa shi ya ɗauki almakashin, shekara biyun nan za su dawo, a ɗora da abin da alƙali ya ga dama.

Shugaban ya girgiza kai. Ya ce wanda ya fi ba shi tausayi shi ne Baba Tela, malamin ɗinkin, wanda ya riƙi Bahago kamar ɗan cikinsa. Kuma Allah ya saka wa tsohon, da kansa ya tuna musu a duba katifu, alhali bai san a ta ɗansa za a samu ba.

Ɗakin ɗinkin doguwar rumfa ce mai tagogi da sandunan ƙarfe. Kekuna ashirin a jere, kowane mutum biyu ke rabawa. A bango akwai wani faffaɗan allo da aka zana siffar kowane kayan aiki da jan fenti, ta yadda idan an cire abu, inuwarsa za ta zauna tana kallon kowa. Inuwar babban almakashin na nan a tsakiya, baki buɗe.

Baba Tela ya taso daga bayan teburin yanka. Dogo ne siriri, ya doshi sittin, rigarsa ta zauna masa kamar a jikinsa aka saƙa ta. Tef ɗin awo na rataye a wuyansa, allurai shida na soke a kwalar rigarsa, wasu da zare yana lilo. Ya miƙo hannu tun Sufeto bai ƙaraso ba, ya riƙe hannun Sufeto da nasa duka biyu, ya shafa bakin hannun rigar.

"Wanda ya ɗinka maka wannan yana jin haushinka, ranka ya daɗe."

Sufeto ya yi dariya, nan take ya ji tsohon ya kwanta masa a rai.

Baba ya ce shekara talatin da ɗaya ke nan yana koyarwa a gidan. Ya yaye mutane sun fi ɗari shida, wasu yanzu suna da shaguna da yara a ƙarƙashinsu, suna aiko masa da gaisuwa. A duk cikinsu bai taɓa ganin hannu irin na Bahago ba. Ya zo bai san gaban allura da bayanta ba, yanzu idan ya ɗinka kwat sai ka rantse daga kanti aka ciro ta. Yana faɗa idonsa na kawo ruwa.

Ya yi bayanin katifun. A makon nan ɗakin ɗinki ke sake wa katifun gidan riga. Ana kawo su da safe, kowace da lambar mai ita da alli, a zura sabuwar riga ta baƙin yadi, a rufe bakin da keke, a mayar da ƙarfe uku. Ranar Juma'a layin ɗakin su Bahago ne. Bahago ne ya rufe bakin katifun, shi kuma ya ɗauki tasa a ka ya mayar.

Aka kawo wa Sufeto kayan shaida. Almakashin ya kai tsawon dantse, tsoho ne amma yana sheƙi. A naɗe aka same shi cikin ƙyalle mai laushi da aka ɗiga wa man keke, an ɗaure shi tsaf da tsumma. Masu bincike ta tsakiya suka farke katifar, don haka bakinta na nan yadda yake: ɗinkin keke daga wannan kusurwa zuwa waccan, sai wurin ƙafa inda aka warware kamar taƙi ɗaya aka mayar da ɗinkin hannu. Sufeto ya sa aka yanko masa wurin, ya jefa a ambulan, ba don ya ga wani abu ba, sai don fayil ya yi kauri.

A ɗakin horo ya sami Bahago. Mutum ne mai shekara talatin da 'yan kai, gajere, mai faɗin kafaɗa, yatsunsa duk sawun allura.

"Kai ka rufe bakin katifarka?"

"Ni ne, yallaɓai. Da keke."

"Ɗinkin hannun fa?"

"Ban san da shi ba."

"Ka kwana a kanta ba ka ji ƙarfe ba?"

"An ce a wurin ƙafa yake, cikin soso. Ni kuma ƙafata ba ta kaiwa can."

"Wa ke yanka da babban almakashi?"

Bahago ya dubi yatsunsa. "Baba."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai."

Ya ce yana da 'ya, shekararta biyar da aka kawo shi, yanzu tara. Ya ɗinka mata riga da guntayen yadi, da izinin Baba, bai ma san ko za ta shige ta ba don da ƙiyasi ya yanka. Mutumin da ya ƙirga kwana dubu da ɗari huɗu da wani abu, ya saura tara, me zai yi da almakashi? Sufeto ya ce wannan tambayar shi ya kamata ya yi ta. Ya miƙa masa biro, Bahago ya karɓa da hagu ya sa hannu.

A ransa Sufeto ya riga ya gama rahoto. Ya sha ganin irin wannan: mutum ya hango ƙofa, tsoron waje ya kama shi, ko ya yi sha'awar fita da jari a hammata. Ya yi niyyar rubutawa da safe ya huta.

Abin da ya ɓata masa lissafi gandiroban ɗakin ɗinki ne, wani ƙato mai jan ido da fursunoni ke kira Ina-zuwa a bayan idonsa. Tun ba a tambaye shi ba ya fara rantsuwa. Bai taɓa matsawa daga bakin ƙofa ba. Da ƙarfe ɗaya yakan fitar da kowa, har da malam, ya kulle ɗakin, ya raka fursunoni cin abinci, ya dawo biyu saura kwata ya buɗe. Doka ce, ko ƙuda ba a bari a ciki.

Sufeto ya san mutum mai gaskiya ba ya kawo rantsuwa da yawa haka a tambaya ɗaya. Ya leƙa ƙarƙashin teburin yanka. Akwai kular abinci, da kofi, da 'yar tabarma a naɗe, da matashi da ya ɗauki siffar kan mai shi.

"Baba a ina yake cin abincin rana?"

"A... a waje, yallaɓai. Gindin bishiya."

"Da matashin nan yake fita, ko bishiyar ce ke shigowa?"

Ina-zuwa ya amsa da ƙyar cewa shekara biyu ke nan Baba ba ya son fita da rana, ya ce hasken na damunsa kuma matattakalar ta yi masa yawa. Sai ya riƙa kulle shi a ciki. Tsoho ne, kuma shi ke rage masa wando kyauta. Ya roƙi Sufeto kada maganar ta kai ofis.

Wato ranar Juma'a akwai minti arba'in da biyar da ba kowa a ɗakin sai Baba Tela da katifu. Sufeto ya rubuta, ya ja layi a ƙasa, sannan ya ji kunyar layin. Tsohon da ke kuka don ɗalibinsa? Ya rufe littafin.

Da yamma ya biya gidan yayarsa. Ita ta goye shi, ita ce kuma mutum ɗaya a duniya da har yanzu ke kiransa Auta a gaban 'ya'yansa. Shekara arba'in tana ɗinki a ɗakin da ke ƙofar gidanta. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce maɓallin cikinsa na neman agaji, idan ya tashi sama sai ya fasa wa wani ido. Ya ce aiki ne ya kawo shi. Ta ce ai ta sani, zumunci ba ya kawo shi.

Ya ba ta guntun yadin. Ta sa tabarau, ta matsa bakin taga, ta juya shi, ta bi ɗinkin da farce.

"Mutum nawa ka ce sun yi wannan?"

"Ɗaya. Bahago ne."

"Ƙullin farkon zaren, e, na bahago ne, ka ga yadda ya murɗe ta baya. Amma ɗinkin daga dama ya taso ya nufi hagu. Bahago ba ya tafiya haka, ko an sa masa bindiga."

Ta ce wannan irin ɗinkin ɓoye ne da aka daina koyarwa tun tana budurwa, sai tsofaffin hannu. Tazarar kowane soki daidai take da 'yar'uwarta, kamar an auna, domin yatsa ne ke aunawa. Amma ya dubi yadda layin ya bar sawun keke ya karkace ya hau gangar yadin. Sannan ta ɗaga shi ga haske ta ce ya faɗa mata launin zaren. Ya ce baƙi. Ta ce shi ma ya je a duba shi. Shuɗi ne mai duhu, irin na kayan sarki, a kan baƙin yadi.

"Auta, hannun nan ya san aiki fiye da ni. Idon ne ya tafi ya bar shi."

Ta tambayi yadda aka sami almakashin. Da ya ce a naɗe da ƙyalle da mai, sai ta taɓe baki. Ta ce mai shirin soke mutum ba ya damuwa da tsatsa. Wanda ya naɗe shi tsoro yake kada danshin soso ya taɓa masa abinsa.

Sufeto ya fito. Ya tuna hannun da aka miƙo tun bai ƙaraso ba, da yadda aka shafa rigarsa maimakon a dube ta. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yadda ya yi dariya.

Washegari ya koma ɗakin horo, bai zauna ba.

"Jiya ka yi mini ƙarya. Wa ke yanka?"

Bahago ya sunkuyar da kai.

"Wa ke sa wa Baba zare a allura?"

"Yallaɓai, wannan ba ya cikin maganar almakashi."

"Shekara biyu na rayuwarka ne a cikinta. Wa ke sa masa?"

A hankali maganar ta fito. Shekara biyu da suka wuce ya lura Baba na laluben ramin allura har ya gaji ya ajiye. Bai faɗa wa kowa ba. Washegari ya zo da wuri ya sa zare a allurai shida, ya ƙulla, ya soke masa a kwala kamar wasa. Tun daga ranar kullum haka. Idan Baba zai ciro allura, shi ke raɗa masa wannan baƙi ne, wannan shuɗi. Daga baya awo ya koma hannunsa, sannan yanka. Baba na tsayawa a kansa yana faɗa da ƙarfi kamar mai gyara masa kuskure, don sauran su ɗauka darasi ne. Kwat ɗin da aka kai baje koli bara da sunan Baba, shi ya ɗinka ta tun daga kwala har aljihu. Asibiti sun ce jijiyar idon ce, ba ta gyaruwa. Idan ofis suka sani za su sallame shi kafin lokacinsa, shi kuwa matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse, ɗakin nan ne gidansa.

"Ka san ɗinkin da ke katifarka da allurar da ka sa wa zare aka yi shi?"

"Wani ya zare ta daga kwalarsa."

"Yana ciki shi kaɗai, ƙofa a kulle."

"To ta taga aka miƙo hannu." Ya ɗago kai. "Yallaɓai, ranar da aka kawo ni ko sunana ba mai tambaya, lamba ake kira. Shi ya fara ce mini ɗana. Ka nemi wani."

Sufeto ya so ƙwarai ya nemi wani. Babu wanin.

Ya jira ƙarfe ɗaya, aka fita da ɗalibai cin abinci. Ya sa aka kawo Bahago, Shugaban gidan ya zo da kansa, Ina-zuwa ya tsaya a ƙofa, yau kam bai je ko'ina ba. Baba Tela na zaune a bayan teburin yanka. Alluran nan shida na kwalarsa, biyu ne kawai suka rage da zare, don tun Juma'a ba wanda ya sa masa.

Sufeto ya ce zai karɓi alluran a matsayin shaida. Ya zare su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya kama maɓallin cikinsa, wanda dama kaɗan yake jira, ya tsinke shi ya ajiye a tebur, da sabuwar allura da ƙwaryar zare.

"Baba, a taimaka a mayar mini."

"Ɗana zai yi maka. Aikin yara ne."

"Hannunka nake so. Jiya ka ce telana na jin haushina."

Tsohon ya lalubo allurar. Ya tsinke zare da haƙori, ya lashi bakinsa, ya ɗaga hannu biyu saitin taga. Zaren ya wuce ta gefe. Ya sake lasa, ya sake kaiwa. Ya wuce. A karo na huɗu Bahago ya yi taku ɗaya gaba, hannunsa na hagu ya riga ya miƙe, don jiki ya saba. Sufeto ya tare shi da dantse.

Sau bakwai Baba ya gwada. Sannan ya ajiye allurar a hankali, ya soke ta a jikin ƙwaryar don kada ta ɓata.

"Wane launi ne zaren nan, Baba?"

"Baƙi."

"Ja ne."

Sufeto ya jera masa abin da ya sani, ba tare da ya ɗaga murya ba: minti arba'in da biyar, ɗinkin da ya taso daga dama, shuɗin zare a kan baƙin yadi don a lokacin ba wanda zai raɗa masa launi, ƙyalle da mai, da wanda ya tuna wa mutane katifu. Ya ce abu ɗaya ne bai gane ba, yadda ya bambance katifar daga sauran alhali ba ya ganin lamba.

"Na ce ya jingine tasa daban," in ji Baba. "Na ce zan ƙara masa soso a wurin baya, don yana kukan ciwon ƙugu."

Bahago ya yi wani sauti a maƙogwaro, kamar wanda aka taka.

Tsohon bai yi musu ba, bai kuma yi kuka irin na jiya ba. Ya ce wata goma sha huɗu suka rage masa ya yi ritaya da mutuncinsa, a yi masa taro, a ce ya yi shekara talatin da biyu bai taɓa ɓata yadi ba. Idan yaron nan ya fita ranar Laraba, kafin Juma'a kowa ya san makaho ke koyar da ɗinki. Ya duba cikin sauran talatin da taran, babu mai hannun, babu mai rufin asirin. Ya yi ta tunani wata uku. Ya san ba za a yi wa yaron wani mugun hukunci ba, shi da kansa zai je ya roƙa a bar shi a ɗakin ɗinki.

"Mutumin da ya yi huɗu, biyu ba za su kashe shi ba. Kuma abin da ke hannunsa, wa ya ba shi? Da me ya zo gidan nan? Ni na yi shi."

"Baba," in ji Bahago.

Tsohon ya juya wajen muryar, ya ɗan kuskure saitin.

"Na rubuta takarda tun watan jiya. Na roƙi a bar ni in riƙa shigowa kullum da safe, daga bakwai zuwa tara, kafin in tafi kamfani. Mataimakin sa-kai. Ban faɗa maka ba, na bari sai ranar taro."

Kowa ya dubi Shugaban gidan. Ya gyara hularsa, ya ce gaskiya ne, takardar na kan teburinsa, ya ma sa mata hannu tun ranar Alhamis, sakatare ne bai buga amsar ba.

Baba Tela ya kai hannu kwalarsa inda alluran suke zama, ya shafa wurin.

Sufeto ya faɗa masa laifin da ake tuhumarsa da shi: ƙulla wa mutum sharri, da ɓoye makami a gidan gyaran hali. Ya ciro ankwa, ya dube ta, ya mayar aljihu. Tsohon ya cire tef ɗin awo daga wuyansa, ya naɗe shi tsaf, ya ajiye kusa da almakashin. Ya roƙi a riƙa ɗiga wa almakashin mai duk mako, kada a bar yara su yanka takarda da shi.

A bakin ƙofa akwai matattakala huɗu. Baba ya tsaya a ta sama, ƙafarsa na laluben gefe. Shekara biyu Bahago ke riƙe masa gwiwar hannu a wurin nan safe da yamma, mutane na cewa ladabi ne. Tsohon ya tsaya yana jira. Bahago na tsaye a cikin ɗaki, ya harɗe hannuwansa a baya, ya riƙe na hagun da na dama gam. Sufeto ne ya kama tsohon suka sauka, yana ƙirga masa, ɗaya, biyu, rigarsa a buɗe a ciki.

A caji ofis aka yaba wa Sufeto. Babban jami'insu ya ce aikin ƙwararru ke nan, ya tambaye shi yadda aka yi ya gano. Sufeto ya ce gogewa ce ta shekaru. Bai ga dalilin sa sunan Yaya a rahoton hukuma ba.

Ranar Laraba Bahago ya fita a kan lokacinsa, da jakar leda ɗaya da rigar yarinya a ciki. Takardar shaidar ce bai fita da ita ba. Ƙa'ida ta ce sai da sa hannun malamin sana'a, kuma ba a karɓar sa hannun wanda ke tsare. An ɗage taron yaye ɗalibai. Kamfanin ya jira mako uku, ya ɗauki wani. Ƙa'idar ta kuma ce fursuna ba ya riƙe almakashi sai malami na tsaye a kansa, don haka aka sa wa ɗakin ɗinki kwaɗo, sauran talatin da taran suka koma zaman ɗaki kafin a turo sabon malami.

An rubuta wa hedikwata. Bana shekara uku ke nan ana jiran amsa.